Rabe-raben Masu Zuwa Sujada a Karkarar Kudancin Kano

A ƙauyukan Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa akwai Hausawa Kiristoci, waɗanda ake kira Masihiyawa, galibinsu jikokin Maguzawa, kuma da yawansu 'yan ikilisiyar ECWA ne, wadda ta tsiro daga aikin mishan na SIM, ta tsaya da ƙafarta a 1954. An saba rarraba su bisa ɗariƙa, alhali rabon da ya fi fitowa fili ranar Lahadi shi ne na hali, wanda babu shi a rajistar magatakarda.

Wanda ya fi yawa da damina shi ne Mai Gyangyaɗin Yarda, wato manomin da ya kwana shida yana fama da gonar masara ko shinkafa, wanda da an fara wa'azi sai kansa ya shiga sunkuyawa da ɗagowa, har baƙon fasto ya ɗauka amincewa yake yi da kowace aya. Yakan farka da "Amin" mai ƙarfi, sau da yawa daidai lokacin da ake cigiyar akuya.

Dattijon Doguwar Addu'a kuwa yana bukatar dogon bayani, kamar yadda shi ma ba ya taƙaitawa. Idan aka roƙe shi ya rufe taro da 'yar gajeruwar addu'a, yakan faro daga Adamu, ya fito da Isra'ilawa daga Masar, ya biyo ta madatsar ruwa ta Tiga, ya raka matafiya har su fita dajin Falgore lafiya, sannan ya kai ƙarar tsadar taki, yana ambaton kuɗin buhu dalla-dalla kamar ana da shakkar labarin ya isa sama. Hausarsa ta Littafi Mai Tsarki fassarar 1932 ce, domin a ganinsa fassarorin da suka biyo baya an yi musu gauraye. Matan da suka bar tukunya a kan murhu ne kaɗai suka san ainihin tsawon addu'arsa.

Lokacin baiko, wato kyautar da ake tarawa cikin sujada, shi ke fito da Mai Dunƙulallen Hannu, wanda ya riƙe koyarwar bayarwa a asirce da ƙarfin da bai riƙe wata koyarwa ba. Asirin yakan tonu a hannun ma'aji, idan ya ci karo da yagaggiyar takardar kuɗin da mai shayi ya ƙi karɓa a Kwanar Dangora.

Akwai kuma Ɗan Waya, saurayin da ya ɗanɗana zaman Kano ko Jos, wanda ke rantsuwa cewa Zabura yake dubawa, ko da yake Zabura ba ta cika sa mutum murmushi yana danna Facebook ba. Baƙon Kirsimeti ba ya bukatar nazari, tunda sau ɗaya ake ganinsa a shekara, shi da sabuwar shaddarsa.

Sama da su duka akwai Uwar Zumunta, shugabar Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan ikilisiya, wadda ba ta cikin dattawa amma ba a yanke shawara sai an saci kallon fuskarta. Ita ce ke tayar da mai gyangyaɗi da kaɗa caki kusa da kunnensa, kuma tarinta ne kaɗai aka tabbatar yana kawo addu'ar dattijo ƙarshe, ko da bai fito daga Masar ba.