Zuwa Ga Bazazzagen Da Ya Kai Wa Kifin Tomas Turare

Malam Bazazzage, ina gajiya? Ina kuma kifi? Na san tambaya ta biyu ba za ta yi maka daɗi ba, amma haƙƙin ubangida ne ya san halin da baransa yake ciki. Tun da aka turo ka koyarwa ƙasar Dambatta muka ba ka masauki, muka shayar da kai fura, muka yi haƙuri da irin Hausarka, ba ka taɓa ɗauko abin da ya cika gari kamar na bana ba. An ce ka yi odar wata jaka ta intanet tun daga Ingila, cike da 'yan dunƙule-dunƙule, wani ja, wani ruwan hoda, wani ruwan ɗorawa, har yaran gidanku suka ɗauka alewa ce. Wannan ƙamshin abarba, wancan na ayaba. Ka ɗauki kujera mai naɗewa da sandar fatsa mai ƙararrawa, ka sauka bakin dam ɗin Tomas, ka yini, ka dawo da ƙunar rana. Yaron da ya zauna kusa da kai da sandar gora da tana a gwangwanin madara kuwa, sai da ya nemi a kama masa bokiti.

Da ka tambaye ni kafin ka tura kuɗinka, da na gaya maka don wa aka yi abin nan. Akwai wani kifi da Turawa ke kira kap, ƙato mai manyan ɓawo, asalinsa kogunan gabashin Turai da yammacin Asiya. An kawo shi Najeriya a shekarun 1950, aka zuba a gonar kifi ta Panyam da ke kan tudun Filato, inda ake da sanyi. Kai kuwa ka je Tomas, inda abin da masunta suke fitarwa kullum karfasa ne da tarwaɗa. Wato ka dafa tuwon baƙon da yake Panyam, ka kai shi Dambatta, kana mamakin ba a ci ba.

Shi ma kap ɗin ba haka kawai aka wayi gari ana yi masa girki mai launi ba. Baturen da ke kama shi ba ci yake yi ba. Zai kwana a tanti bakin tafki, in Allah ya ba shi sa'a ya kama, sai ya auna nauyinsa, ya rungume shi a ɗauki hoto, ya shafa masa magani a leɓe inda ƙugiya ta huda, ya mayar da shi ruwa. Wasu kifayen har suna aka raɗa musu saboda yawan haɗuwa. (In ka gwada wannan a Tomas, kafin la'asar za a kai ka wajen mai ruƙiyya.) To kifin da ya sha ƙugiya ya tsira yana koyon darasi. Wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Beukema ya buga sakamakon gwajinsa a 1970, inda ya nuna cewa kap ɗin da aka taɓa kamawa sau ɗaya yana wuyar sake kamuwa, har bayan shekara guda bai manta ba. Saboda haka dole masuncin Ingila ya riƙa canza launi da ɗanɗano, domin kifinsa ya haddace na bara. Kifin Tomas kuwa darasi ɗaya yake ɗauka a rayuwarsa, kuma a kaskon suya ake biya masa shi.

Taurin dunƙulen ma da dalilinsa. Ana kwaɓa garin da ƙwai ne a tafasa shi ya yi fata, don ƙananan kifi su kasa tsattsaga shi kafin babban ya iso. Shi kap yana da haƙora a maƙogwaro da yake murƙushe abu mai tauri. Kuma ba ya haɗiye abu kai tsaye: zuƙa yake, ya ɗanɗana, ya furzar da abin da bai yi masa ba. Wannan ne ya sa wajen 1980 wasu masunta biyu na Ingila, Lenny Middleton da Kevin Maddocks, suka fito da dabarar ɗaure abincin da siririn gashi a ƙasan ƙugiya, a bar ƙugiyar tsirara, ta yadda in kifin ya zo furzarwa sai ta kama leɓensa. Yanzu don Allah dubi bakin karfasar Tomas, ka dubi dunƙulen da ka jefa mata. An yi shi ne musamman don irinta ta kasa ci. Ka biya kuɗin jirgi aka kawo maka maganin korar kifin da kake nema.

Sai maganar launi, wadda na ji ka tsaya a majalisa kana yi wa mutane lacca a kanta, har da ɗaga yatsa irin na mutanen Samaru. Ban ce kifi ba ya ganin launi ba. Kap yana gani, karfasa ma da ido take yawan kiwo, kuma a ruwa garau da rana tsaka abu mai haske yana jan hankalinsu. Amma haske ba ya tafiya a ruwa yadda yake tafiya a sarari. Ja ne yake fara ɓacewa in aka yi ƙasa, ko da ruwan tas yake. Ina kuma ga ruwanmu? Kai ma ka ga ƙasar nan: daga Dambatta zuwa Makoɗa zuwa Kunci babu taƙin da ba a nomawa, gona na jingine da gona, gero da dawa da gyaɗa da wake har bakin rafi. Ruwan sama na sauka, ƙasar da aka huɗa ta bi shi zuwa dam. Da damina ka tsoma hannu zuwa gwiwar hannu ka gaya mini ko kana ganin yatsunka. A cikin wannan ruwan ka jefa ruwan hoda kana jira a yaba. Ka zama saurayin da ya sha kwalli da aska tara ya tafi zance daren da babu wata kuma babu lantarki.

Tarwaɗa kuwa ba ta ma damu da idon ba, dubi ƙanƙantarsa. Gashin bakinta guda takwas ne, da su take lalube, kuma abin ɗanɗanonta bai tsaya a baki ba, yana kan gashin bakin, yana bazuwa a fatar jikinta. Da dare ta fi yin kiwo. In ta zo kusa da abu ta riga ta san ko na ci ne tun ba ta buɗe baki ba.

A nan ne ƙamshin abarbarka ya fāɗi. Abin da hancinka yake ji shi ne abin da ya tashi a iska. Hancin kifi ba na numfashi ba ne, ruwa ne ke shiga ta wata ƙofa ya fita ta wata, don haka abin da ya narke a ruwa kaɗai yake isa gare shi. Abin da ya fi tayar masa da yunwa kuwa wasu sinadarai ne da nama da tsutsa da abin da ya fara ruɓa suke saki, masana suna ce musu amino asid. Tana tana fitar da su tana kuma motsi. Hanjin kaza yana fitar da su. Gara da fara haka. Daddawar da kake toshe hanci in an buɗe tana cike da su, domin ruɓar da kalwa ake yi kafin ta zama daddawa. Ƙamshin da ya cika maka ɗaki lokacin da ka buɗe jakar nan, kai aka yi wa shi, domin kai ne mai katin banki. Su kansu masu kama kap suna gargaɗin juna cewa in aka cika turaren, korar kifin yake yi. Kai kuma an ce ka ƙara tsiyaya masa na kwalba, ka ɗaura shi da hannun da ka gama shafa man sauro.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce Bakano me ya sani a su, mutumin da ya gaji awo da ƙidayar kuɗi. To ai mu ba mu yi gardamar cewa arewacin Kano ba ta da babban kogi ba. Audu Baƙo ne, wanda ya yi gwamna daga 1967 zuwa 1975, ya ɗauko aikin tare ruwa, aka gama Tiga a 1974, sannan irin su Tomas da Watari ta Ɓagwai da Gari da Jakara suka samu. Manomi ya wayi gari da tafki a ƙofar gida, masuntan gado suka zo daga wasu garuruwa, aka zauna tare, aka koya. Ko da me ka zo an fi ka, har da abin da muka koya jiya. Kai da ka tashi a bakin Kubanni, ruwan da akuya ke tsallakewa da rani, ba kai za ka yi mana gori ba.

Je ka ga yadda suke yi, ka bar littafi a gida. Mai gura yana dama dusa ya dafa ta ta yi ƙarfi, ya dunƙula ya sa a ciki, ya nutsar da ita inda ya san kifi na bi. Dusar tana saki a hankali, ruwa yana ɗaukar labarin yana kaiwa nesa. Mai dogon layi yana jera ƙugiyoyi da yamma ya sa musu ƙananan kifi ko hanji, wani ma har gutsuren sabulu, ya dawo da asuba. Mai mamari ko abinci ba ya sawa, ƙugiyoyin ne kawai birjik a hanyar kifi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa sanin inda kifi yake ya riga sanin abin da yake so. Mashigar rafi, gindin ciyawa, inuwar itacen da ruwa ya ci, sassafe da gab da magariba. Kai ka zaɓi wurin da ya fi daɗin ajiye kujera, ka zauna daga hantsi zuwa la'asar, lokacin da kowane kifi mai hankali ya yi ƙasa yana hutawa.

Lokacin shekara ma yana da nasa hukuncin. Jikin kifi yana bin zafin ruwa ne. Da hunturu, in ruwa ya yi sanyi, cikinsa ba ya narkar da abinci da sauri, sai ya rage ci, ko me ka kai masa. Da ruwan farko kuma tarwaɗa takan haura cikin ciyawar da ruwa ya malale don yin ƙwai, har yara su kama ta da hannu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka rubuta a bayan jakarka.

Ga wanda zai fi ƙona maka rai. A 1952 wani Bature mai suna Richard Walker ya kama kap mai nauyin laba 44, wajen kilo 20 ke nan, a wani ɗan tafki da ake kira Redmire. Ba a taɓa kama kamarsa a Ingila ba kafin nan, har gidan namun daji na Landan aka kai shi ya zauna. Da me ya kama shi? Da burodi. A 1980 Chris Yates ya zarce shi a wannan tafkin da mai laba 51 da rabi. Da me? Da ƙwayar masara. Har gobe kuma, cikin abubuwan da masu kama kap a Turai suka fi yarda da su akwai aya. E, ayar da ka sani, wadda ake yi wa kunu. Sukan jiƙa ta kwana ɗaya ko biyu, su tafasa, su bar ta a ruwanta har ta yi yauƙi ta fara tsami, sannan su kai wa kifi. Ƙasar Maraɗi tana cikin manyan wuraren noman ta, ana kuma fitar da ita daga yankinmu zuwa Turai, musamman Sifen inda suke yin nasu kunun. Wato tirela tana fita da aya, kai kuma jirgi yana shigo maka da abarbar roba. Da ka hau mota zuwa Dawanau, ko ka jira kasuwar Dambatta ranar Lahadi, da kuɗin jakar nan ka sayi abin da za ka ciyar da kifi da kanka da maƙwabta.

Abu ɗaya nake roƙonka, kuma wannan ba wasa a ciki. In haushi ya kama ka, kada wani ya ruɗe ka da zancen zuba Gamalin ko wani maganin ƙwari a ruwa. Haramun ne a doka, yana kashe babba da ƙarami har da ƙwai, ruwan kuma shi shanu ke sha, shi ake ba tumatir da albasa da rani. Ka je ka gaida Sarkin Ruwa, ka durƙusa yadda ya dace da baƙo, ka ce ka zo neman ilimi. Na san furta wannan kalmar a ƙasar Kano zai yi wa Bazazzage nauyi, amma ba a mutuwa.

Tana kuma ba sai an yi oda ba. Ka duba inda matan gidanku suke zubar da ruwan wanke-wanke, ka sa fartanya. In ƙyanƙyami ya hana ka taɓawa, ka ba almajiri na koko ya tono maka, shi ma ya ɗaura maka a ƙugiya, in ya so kai ka riƙe sandar a ɗauki hoton da za ka aika Zariya. Kifin farko nawa ne, a soye, da yaji. Shi zan karɓa a madadin kuɗin sharar da kake ta ɓoye mini tun Cika-cikin bara.