Wat Takwas a Falon Bazazzagi

Bazazzagi, ubangidanka na gaishe ka. Labari ya iso Kano tun kafin ka gama yaga kwali: wai ka sayi amfilifaya mai kwalba, ka ɗora ta a tsakiyar falo, ka hana yara raɓar wajen, ita kanta uwargida sai da izini take share ƙurar teburin. Na ce sai na gani da idona, na kuwa gani. Kwalabe biyu na 300B suna ɗan ja kamar garwashin mai tsire bayan an watse, kai kuma ka harɗe a gabansu, ka lumshe ido kana gyaɗa kai. Na kasa kunne iya kasawa. Fankar sama ta fi kalangun Shata ƙara.

Da na yi magana ka ce kunnen Bakano bai san daɗin komai ba sai ƙarar kuɗi. Na yarda. To bari mai ƙirga kuɗi ya yi maka lissafi, tunda ku da jami'a take a bayan gidanku abin ya gagare ku.

Kwalbar nan taka ba ta da laifi. Kamfanin Western Electric na Amurka ne ya fito da ita a 1938, kuma idan guda ɗaya ce ke tura kowane ɓangare, kamar a taka, abin da take bayarwa wajen wat 8 ne. 'Yar'uwarta 2A3 ma ba ta kai wat 4 ba. A zamaninsu wannan ya isa cika ɗaki, domin sifikokin lokacin ba su da ci. Kai kuma ka je ka haɗa ta da waɗansu 'yan akwatuna masu girman kwalin takalmi, don kawai katakonsu ya dace da labulen falo. Na juya bayansu na karanta: desibel 84. Ma'anarsa, in ka ba su wat ɗaya ka tsaya mita ɗaya a gabansu, ƙarar da za ka ji ke nan. Kowane ƙarin desibel 3 sai ka ninka wutar. Wat biyu 87, huɗu 90, takwas 93, nan tulunka ya ƙare. Ga kujerarka can wajen mita huɗu, sauti na raguwa a hanya, kafet da kushin suna karɓar nasu kason. Da makaɗi ya ɗaga hannu, amfilifaya ta shaƙe, sai ka juyo ka ce min wai wannan shi ne ɗumin kwalba. Ka ɗaura wa ɗan akuya amalanken shanu, kana yaba yadda yake nishi.

Yanzu ɗauki sifika mai desibel 99. Wat ɗaya tal yake buƙata ya kai inda naka sai sun sha wat 32. Mai 105 kuwa, naka sai da wat 128 za su kamo shi. Ka ga ashe ba a fara sayen amfilifaya irin wannan sannan a nemo mata sifika da ido. Sifika da ɗaki ake fara dubawa.

Mafi yawan masu wannan ƙarfi ƙaho ne da su, kuma kai da ka tashi kana jin kakaki a ƙofar fada bai kamata in yi maka bayani ba. Hucin mutum ɗaya ne, amma doguwar hanyar nan mai buɗewa a hankali ita ke sa ya tura iska mai yawa har a ji shi a wata unguwa. Paul Klipsch ya bi wannan dabara a garin Hope na jihar Arkansas, inda ya kafa kamfaninsa a 1946 da Klipschorn, wanda ake rubuta wa desibel 105. Ya nannaɗe ƙahon a cikin akwati, ya bar bangon ɗaki ya ƙarasa bakinsa, shi ya sa mazauninsa kusurwa ce. Na duba kusurwoyin falonka. Ɗaya firji, ɗaya kabad ɗin kwanukan uwargida. Gwada taɓa kabad ɗin nan, mu dai Kanawa ba za mu zo biko ba. Kowane Klipschorn ɗaya kuma nauyinsa ya kusa buhun masara.

La Scala, wanda suka fitar a 1963, ba ruwansa da kusurwa, ƙarfinsa kuma daidai da na yayansa. A kalangu da kotso ba ka da kamarsa, bugun na fitowa tas kamar fatar tana gabanka, sai dai can ƙasan kaurin tambari yana ɗan yanke wa. Cornwall ya fi shi cika ciki, ana rubuta masa 102, amma faɗinsa sai ka fitar da kujera ɗaya. Wanda ya dace da falonka da aljihunka shi ne ƙaraminsu na 1957, mai desibel 99 a ƙirar yanzu. Sunansa Heresy, wato bidi'a, domin ya saɓa wa koyarwar ƙahon kusurwa da mai gidan ya kafa. Ina so in ga ranar da malamin Zazzau zai shigo da Bidi'a guda biyu falonsa ya ajiye su dama da hagu.

In kunnenka ba ya son tsinin ƙaho, don akwai wanda yake soka kamar algaita a ƙaramin ɗaki, sai ka leƙa Birtaniya. Tannoy tun 1947 suke dasa ƙaramin bakin siririn sauti a tsakiyar babban, duk muryar na fitowa daga wuri ɗaya. Muryar mawaƙi a kansu tana da jiki, ba ta yawo. Manyansu irin Westminster sun kai 99, amma girmansu na wadirob ne, kuɗinsu kuma in na faɗa sai an yayyafa maka ruwa. A ganina matsakaitansu sun fi sakewa da amfilifaya mai kwalaben EL34 bibbiyu, mai wat talatin da 'yan kai, fiye da taka. Akwai kuma Lowther, baki ɗaya rak mai takarda marar nauyi. Sa masa kuntigin Ɗan Maraya, za ka rantse yana zaune a tabarmarka. Sa masa gangar noma, sai ya zama gwangwani.

Na san me za ka ce, domin Bazazzagi ba ya rasa ta cewa: a samo maka ƙarami, mai kauri, mai ƙarfi. Babu shi. Masu ƙera sifika suna da wata doka da suke jingina wa Hofmann, cewa cikin ukun nan biyu kawai ake samu. Lasifikar masallacin unguwarku ta ishe ka misali. Ƙarfinta ya wuce desibel 100, ladan na tashin gari da 'yar wuta kaɗan, a Sabon Gari kuma kuɗinta bai kai na wayar da ka jona wa amfilifayarka ba. Amma ka taɓa jin kauri a cikinta?

Lambar da kamfani ya rubuta ma kada ka haɗiye ta da ɗumi. Masu aunawa sun sha samun ta gaza da desibel biyu, uku ko fiye, kuma wannan mu 'yan kasuwa ba sai an fassara mana ba. Ka duba om ɗinsa, ka jona a ramin 8 in na 8 ne, ka guji wanda yake faɗowa ƙasa da 4, don amfilifaya irin taka ba ta da ƙashin bayan riƙe shi. Kada kuma ka kuskura ka kunna ta babu sifika a jone, taransifomarta na iya ƙonewa, kuma ita ce mai tsadar.

Saura abu ɗaya da zai ba ni dariya nan gaba. Sifika mai ƙarfi ba ya rufa asiri. Ɗan gurnanin wuta da 'yan akwatunanka suke haɗiyewa, shi zai shelanta shi ga duk wanda ya shigo, balle ranar da aka ɗauke wuta ka tada janareto. Ga kwalabe suna hura zafi a watan Afrilu, ga fanka dole a kashe don a ji waƙa. Ina hango ka da singileti, gumi na bin gemu, kana cewa baƙi su yi shiru.

Saboda zumunci, ga tayi. Ka turo min amfilifayar zuwa Kano a rabin kuɗinta, in bar maka kwalin ka riƙa nuna wa mutane. In kuwa ka nace sai ka riƙe, to ranar Asabar ina tafe da tef ɗin awo. Ka gaya wa uwargida ta sa tuwo da ni, amma maganar kabad kai za ka fara ɗaga ta, ni ina daga bakin ƙofa da takalmina a hannu.