Masu Kwantar da Mota Kala-Kala

Duk wanda ya saba zama a bencin gareji ya san motar kamfani ba ta taɓa yi wa saurayi daidai ba. Ko Civic ce, ko Corolla, ko Golf, da ya biya kuɗi ya karɓi makulli sai idonsa ya faɗa kan ratar da ke tsakanin taya da bodi. Yatsu huɗu na shiga! Daga ranar barci ya ƙaurace masa, sai an kwantar da motar nan ta yi ƙasa kamar ta masu tsere. Maganin kuwa gajeren sifirin ne, murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota a kan kowace taya.

Kowane sifirin da taurinsa, kuma da lamba ake faɗa. In an ce kilo 3 a milimita, ana nufin sai an aza masa kilo 3 kafin ya lotsa milimita ɗaya. Aza masa buhun shinkafa mai kilo 50, zai sauka kusan milimita 17. Tun 1678 Robert Hooke na Ingila ya bayyana ƙa'idar: gwargwadon nauyi, gwargwadon lotsawa. Ƙarfe ba ya saɓa ta, muddin ba a wuce ƙarfinsa ba. Masu motar ne kowa da tasa ƙa'idar, ga su nan kamar yadda na gan su.

Na farko Mai Giranda. "Oga, me zai kai kuɗina kasuwar Ƙofar Ruwa alhali ga giranda a ajiye?" Sai a ciro sifirin a datse zagaye ɗaya, wani lokaci biyu. Abin da bai sani ba, rage zagaye ƙara tauri ne: in masu aiki takwas ne aka mayar da su bakwai, taurin ya hau da kusan kashi 14 cikin 100. Bakin da aka yi domin ya zauna daram a mazauninsa kuma ya tafi da tartsatsi, don haka duk sanda taya ta faɗa rami sai ka ji ƙwaram, sifirin yana neman hanyar gudu. Tunda da ido aka auna, hagu da dama ba su zo ɗaya ba, motar na tafe a karkace kamar hular ɗan gayu. Yana da ƙane da ya fi shi ƙarfin hali, wanda ke kai wa mai walda ya gasa sifirin da wuta har ya sauka. Zafin ya kashe ƙwarin ƙarfen, motar ta ci gaba da durƙusawa wata bayan wata ba tare da an roƙe ta ba. Garin gyaran gira an rasa ido.

Sai Farfesa. Shi ba a kama shi da ƙarya. Zai gaya maka Japanawa da kilo suke lissafi, Amurkawa da fam a kan inci, kuma kilo ɗaya a milimita kusan fam 56 ne a inci. Zai ɗauki tsinke ya zana maka a ƙasa bambancin sifirin mai tauri ɗaya daga sama har ƙasa da wanda zagayensa suka matsu a gefe guda, mai laushi da farko, yana lotsawa yana ƙara tauri. Ya san in kaurin ƙarfen ya ƙaru da kashi 10, taurin kan ƙaru da kusan kashi 46. Ya san abin da ya sa lambar Civic ta shekarun 1990 ba ta gwaduwa da ta Golf: a Civic sifirin gaba yana zaune can ciki, nesa da taya, sai ya fi tauri kafin ya yi aiki iri ɗaya. Duk gaskiya ne. Motarsa dai damina biyu ke nan tana kan duwatsu, yana jiran ya gama lissafi, kaji har sun yi ƙyanƙyasa a ƙarƙashinta.

Mai Launi kuwa sunaye uku ya haddace: Eibach da H&R na Jamus, da Tein na Japan. Ya ga ja a wata mota a waya, saboda haka ja yake so. Ya shiga kasuwa, mai shago ya zaro masa daga tsibin kayan Beljiyam, ya rantse daga jikin motar tsere aka kwance. Bai tambayi ko na wace mota ba ne, balle ya san ko a mota iri ɗaya, mai injin dizal takan fi mai fetur nauyin gaba, sifirinsu ya bambanta. Kafin ya iso gareji tafin hannunsa ya yi jawur kamar na amaryar da ta sha lalle. Fenti bai gama bushewa ba.

Ga kuma Matsolo, wanda ya sayi sifirin na ƙwarai, aka ce ya haɗa da shakazoba, ya ce, "Wannan ai lafiyarta lau." Sifirin karɓar duka yake yi ya rama, shakazoba ce mai ba shi haƙuri. Tsohuwar da aka yi domin sifirin mai laushi da tsayi ba za ta iya lallashin gajere mai zuciya ba. Sai motar ta taka tudu ɗaya ta yi tsalle uku kamar kwaɗo, ba a jima ba mai ya fara tsiyaya a jikin shakazobar. Aka ce ya kai a daidaita masa ƙafafu, don mota in ta sauka kan tayoyin yakan karkata ciki, ya ce sitiyarinsa a miƙe yake. Daga waje tayoyin fes kamar sababbi, daga ciki waya ta leƙo. Kuɗin shakazoba biyu ya ƙi fitarwa, ya fitar da na taya huɗu.

Wanda kowa ya sani shi ne Ƙaguwa. Ya sauke motarsa har kyanwa ba ta iya fakewa a ƙarƙashi. A kan kwalta mai santsi sarki ne. Da ya hango tudun rage gudu sai ya taka birki, ya karya sitiyari, ya hau a kaikaice taya ɗaya bayan ɗaya, 'yan adaidaita sahu na danna masa oda, salansa na kukan ƙiiii. Garin nan kaf ya san shi ta tudu da rami, kuma zumuncinsa na rani ne, don da ruwa ya sauka unguwar gwaggonsa ta fita daga taswira. Ranar ɗaukar amarya aka cusa masa gwaggwanni uku a baya da kwalla biyu a but, sama da kilo 200 a kan sifirin da saura ƙiris ya ƙure. A kowane tudu sai ya waiwayo: "Gwaggo, don Allah ku ɗan sauka in haye." Sau biyar suka sauka. A na shida babbarsu ta ce, "Ɗan nan, wuce abinka, ma same ka a can."

Mai Tauri ya yi imani mota ba ta riƙe hanya sai ta zama katako. A filin tsere mai laushin kwalta akwai ƙamshin gaskiya a zancensa. A kan gargada kuwa taya tsalle take yi, taya da ke sama kuma ba ta riƙe komai, ba birki ba kwana. In baya ya fi ƙima tauri, wutsiyar motar kan nemi wuce kanta a kwana. Amfani ɗaya na gani: ka ajiye fura da nono a kujerar baya, kafin ka isa gida ta damu.

Daga gefe Alhaji na zaune yana dariya. Shi tun zamanin Peugeot 504 da ake harhaɗawa a Kaduna ya yanke hukunci cewa mota da tsayi ake saninta. Yana sayen Corolla ya sa aka cusa mata robobi a kan sifirin, ta miƙe kamar zalɓe. Ba ramin da ke ba shi tsoro, sai dai a kwana motar kan yi ruku'u, fasinja na salati.

Na ƙarshe da wuya ka gan shi. Yakan zo da tef a aljihu, ya riga ya auna tudun da ya fi tsayi a layinsu, ya ƙirga mutanen da yake ɗauka kullum. Milimita 25 zuwa 35 kawai yake saukewa, da sifirin da aka yi domin motarsa da injinta, guda huɗu tare, da shakazobar da ta dace. Ya yi 'yan kwanaki yana hawa su zauna, sannan ya kai a daidaita ƙafafu. Ba mai waiwayen motarsa a titi, shi ya sa ba shi da mabiya.

Ni kuwa? Ƙaguwa ne, mai ritaya. Ranar da aka kwantar da tawa, na nuna wa yaron gareji tsofaffin sifirin na ce ya zubar. Wata uku bayan haka, dutsen ƙofar gidan surukaina ya fasa kaskon baƙin mai, na bar musu zane a ƙasa har bakin titi. Na koma gareji a kan igiya, na ja yaron gefe, na tambaye shi a hankali ko ya san inda ya zubar. Ya shiga bayan shago ya fito da su a buhu, an goge tsaf.

"Yallaɓai, ba ma zubarwa," in ji shi. "Duk kukan dawo. Nawa za ka saya?"