Masu Digirin Siyasa a Bakin Boda

Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, ba ta da nisa da Illela: ka bi ta Gwadabawa da Kware, kafin direba ya gama labarin 'yan sandan hanya kun shiga Sakkwato. Kowace shekara tana yaye masu digirin kimiyyar siyasa, wasunsu kuma sukan dawo garin da ba ya buƙatar a koya masa siyasa, garin da in soja ya yi jawabi a Yamai da safe, kafin la'asar farashin sefa ya sauya a tasha. Digirin iri ɗaya ne, masu shi ne kala-kala.

Akwai wanda aka jefo. Shi lauya ya cike a takardar JAMB, maki bai kai ba, aka ce masa ga Siyasa ko ya jira baɗi. Ya yi shekara huɗu, da ƙarin wata takwas na yajin aikin ASUU na 2022, yana cewa zai canja sashe. Bai canja ba. Innarsa dai ba ta karɓi wannan hukunci ba, har gobe Barista take kiransa, kuma in rikicin gona ya tashi a dangi shi ake turawa gaba.

Sai Farfesan teburin mai shayi, wanda ba a taɓa ganin ranarsa ba sai 26 ga Yulin 2023, da sojojin Nijar suka tsare Shugaba Bazoum, daga bisani Janar Tchiani ya hau. ECOWAS ta ba da wa'adin mako guda, Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, aka garƙame boda, motocin kaya suka yi layi. Kowa na neman mai yi masa bayani, ga Farfesa zaune da kofi a hannu. Ya faro daga yarjejeniyar Wesfaliya ta 1648, ya biyo ta taron Balin na 1884, ya zayyana yadda Ingila da Faransa suka ja layi tsakanin Illela da Birnin Ƙonni suka raba wa da ƙane. Wannan ɓangaren gaskiya ne, kuma yana faɗarsa da daɗi, har 'yan kabu-kabu kan kashe mashin su saurara. Ranar Litinin ya rantse za a yi yaƙi. Ranar Alhamis ya ce duk mai ilimi ya san ba za a yi ba. Da aka ɗage takunkumi a farkon 2024, shi ya fara cewa ai ya faɗa.

"Farfesa, mu dai yaushe za a buɗe bodar nan?" in ji mai shayi.

"Wannan ya danganta da abubuwa da dama."

"To bashin wanga shayi hwa, shi ma ya danganta?"

Na uku shi ne mai riƙe wa Honorabul jaka. Muƙaminsa ya fi albashinsa tsawo: mataimaki na musamman kan kafafen sada zumunta, ba ofis, ba tebur, sai abin da Allah ya hore bayan taro. Ya karanta Makiyabeli a aji biyu, abin da ya rage masa a ciki shi ne sanin ƙofar da maigida zai fita ta ita in masu roƙo sun cika zaure. Shi ke rubuta jawabin, Honorabul ya karanta rabi ya ajiye ya koma zagin 'yan adawa, a yi tafi. Tsintsiya ya riƙe a 2015, ya shiga ƙarƙashin lema a 2018 da Gwamna Tambuwal ya koma PDP, ya sake neman tsintsiyarsa a 2023, kuma kowane juyi yana da sunan boko da yake ba shi a Facebook. In ka zauna da shi zai raɗa maka cewa ƙuri'a 342 ɗin da Tambuwal ya ci zaɓen 2019 da su, daga mazaɓarsa suka fito. Masu wannan raɗar a jihar Sakkwato sun fi ƙuri'un yawa.

Mai jiran kaki ba ya buƙatar dogon bayani. Ya tashi yana kallon jami'an kwastan da na shige da fice, ya yanke shawara tun yana firamare. Duk sanarwar ɗaukar ma'aikata sai ya cike, hoton fasfonsa ya ƙare ya sake wankewa, ya san sunan duk wanda aka ɗauka da kuma uwar da yake da ita a gindin murhu.

Wanda ni nake cire wa hula shi ne ɗan canji. Ba za ka taɓa jin ya ambaci digiri ba, takardar tana ƙasan akwati cikin leda. Amma shi kaɗai ne darasin dangantakar ƙasa da ƙasa ke ciyar da shi. Da asuba ya saurari BBC, ya juya RFI, ya auna maganar Abuja da ta Yamai, sannan ya yanke ko ya riƙe sefa ko ya sake ta. Lokacin da gwamnatin Buhari ta rufe iyakoki a Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020, ya gane da wuri cewa doka tana rufe ƙofa ne kawai, daji kuwa ba shi da ƙyaure. Da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS, Farfesa ya yi mako yana sharhi, shi kuwa tambaya ɗaya ya yi: za su bar sefa ko ba za su bari ba? Ranar Lahadi, in kasuwar Illela ta cika da shanu da raƙuma, dillalai gunsa suke zuwa jin inda duniya ta dosa.

Ga kuma Malama, mai koyar da darasin Gwamnati a sakandare. Tana tsaye gaban aji cike maƙil tana bayanin rabon iko tsakanin majalisa da zartarwa da shari'a, wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambaye ta a cikin ukun wane ne ke naɗa shugaban ƙaramar hukuma. Lokacin zaɓe takan yi wa INEC aikin wucin gadi, ta wuni a rana tana lallashin na'urar BVAS ta gane yatsan tsohuwar da surfe ya goge wa zane. Kawunta kan tuna mata cewa Attahiru Jega ma siyasar nan ya karanta, ga shi ya shugabanci hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015, ita me ya tsare ta? Duk takardar koke da ta fita daga unguwarsu, ta rijiya ce ko ta taransifoma, ita ta rubuta, ba ta taɓa karɓar ko sisi ba.

Na ƙarshe ɗan takara ne na dindindin. Shi ya ɗauki karatun da gaske, ya ce wanda ya san siyasa shi ya kamata ya yi ta. Ya buga fosta da hular digiri, ya rubuta manufa mai shafi goma sha biyu don kujerar kansila, ya ɗauka ya kai wa Alhajin mazaɓa, dillalin shanu da bai taɓa zama a benci ba amma ya san kakan kowane deliget. Alhaji ya juya takardun, ya jinjina nauyinsu a hannu.

"Ranka ya daɗe, a ciki akwai tsarin samar da ruwa da na ilimin 'ya'ya mata."

"Madalla, ɗan nan, Allah shi yi albarka. Wa yat turo ka?"

"Ba kowa, Alhaji. Al'umma ce."

"To ka koma ka ce mata ta zo da kanta, mu ji nawa ta taho da shi."