Motar da Ke Cin Tudu Biyu

Tun ban rufe baki ba na san amsar da mazauna dakali a Yasore za su ba ni. "Mota mai caji? A nan? Malam, wayarka ma sai ka kai wa mai sola ka biya." To, ku ɗan riƙe dariyar tukuna, jama'a. Zan ba ku filin yin ta, don akwai inda kuke da gaskiya, sai dai ba a inda kuke zato ba.

Motar da nake nufi ba irin tsohuwar Prius ɗin nan ba ce wadda ƙaramin batirinta ke cika kansa a kan tafiya. Wannan tana da tanki da inji kamar kowace mota, sannan ga babban batir da ƙofar caji da ake jonawa a soket ɗin gida. In batir a cike yake, takan yi kilomita 40 zuwa 60 ba ta lashi fetur ba. In ya ƙare, inji ya karɓa, tafiya ta ci gaba. Outlander ta kamfanin Mitsubishi da ta fito a 2013 batirinta yunit 12 yake ɗauka, irin yunit ɗin da ake saye a mita mai kati.

Na ji Kawu daga can baya yana cewa kayan Turawa ne, ba a yi su don ƙasarmu ba. Kawu, Allah ya ja kwana, ɗaya daga cikin fitattun motocin nan, Chevrolet Volt, da aka nuna samfurinta a Detroit ta Amurka a 2007, Jelani Aliyu ne ya zana surarta, ɗan Sakkwato. Shi ne kuma, yana shugaban hukumar ƙera motoci ta ƙasa, ya buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021. Mu Katsinawa da ba mu gajiya da tuna wa mutane cewa a garinmu aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, sai ga Basakkwace ya riga mu zana mota. Wannan kam a bar shi a tsakaninmu, kada Gobirawa su ji.

Mu zo kan kuɗi, tunda can ne kowa ke miƙe zaune. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Zuwa Oktoban 2024 ta haura 1,000. Mu ɗauka 900 ce, don lissafi ya yi sauƙi. Wanda ke saye a hannun ɗan bumburutu ya ƙara nasa da kansa. Tsohuwar Golf da ta sha hanya, mu ce tana shan lita 10 a kilomita 100. Naira 9,000 ke nan. Mai cin tudu biyu, in da fetur zalla take tafiya, lita 6 ko 7 ta ishe ta, kusan naira 6,000. In da batir ne, tana bukatar kamar yunit 20. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta kai yunit ɗin masu layin A naira 225, daga baya aka ɗan sassauta ya dawo ƙasa da 210. Ko da wannan farashi mafi tsada, kilomita 100 ba ta wuce naira 4,200 ba. Bai kai rabin kuɗin Golf ba.

Yanzu ku yi dariyarku. Layin A shi ne wanda aka yi wa alkawarin wuta awa 20 a rana. Wa ya taɓa ganin haka a ƙasar Ruma ya ɗaga hannu? Mu a ƙananan layuka yunit ɗinmu ya fi arha nesa ba kusa ba, matsalar kawai sai an kawo. Motar kuma awa biyar ko shida take so a jone, tana jan fiye da kilowat biyu ba ƙaƙƙautawa, wuta mai ƙarfi, ba irin wadda ƙwai ke ja kamar garwashi ba. Ba a manta da Oktoban 2024 ba, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta kwana a duhu fiye da mako. Injinan iska 37 na Lambar Rimi, da aka ƙaddamar da aikinsu don megawat 10 tun zamanin marigayi 'Yar'aduwa, kowa ya san shekarun da suka kwashe suna kallon matafiya.

Sai Alhaji ya gyara hula ya ce, "Ai ina da janareta." Ranka ya daɗe, a nan ne na fi jin tausayinka. Ƙaramin janaretan da ake kunna fanka da talabijin bai kai kilowat ɗaya ba, motar ko kallonsa ba za ta yi ba. Babba mai shan fetur kuma, in ya yi ƙoƙari, yunit biyu zai fitar daga lita guda. Yunit 20 lita 10 ke nan, ko fiye. Wato ka ƙona lita 10 a tsakar gida, ka hana maƙwabta barci, don ka guje wa zuba lita 7 a tanki. An gudu ba a tsira ba. Shi kuma mai shirin satar wuta ta bayan mita, ya tuna ranar da taransifoma ta ƙone da shi za a yi karo-karon gyara, kuma duk gari sun san gidan da mota ke kwana da igiya.

Abin da ya rage shi ne abin da Allah ya hore mana ba mita ba kati. Faifan sola mai wat 500, a ranar Katsina, yana ba da yunit biyu zuwa biyu da rabi a yini. Faifai shida da inbata mai ƙarfi za su cika batir mai yunit 12 tsakanin hantsi da la'asar. Ku da kuka ce abin ba zai yiwu ba, ku ne fa kuka fara sauya injin ban-ruwa mai fetur da famfon sola a fadama, ba tare da wani farfesa ya yi muku lacca ba. Sharaɗin dai guda ne, kuma mai nauyi: sai motar ta yini a gida lokacin da rana take. Malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da ke zuwa Batsari ko Safana ya ajiye ta inda akwai sola, ya dace. Direban haya da ke jigila zuwa Katsina daga asuba, batirinsa zai ƙare a sawun farko, sauran yinin duk fetur ne, yana kuma ɗauke da batir mai nauyin buhun masara biyu ko uku da ba ya biyan kuɗin mota.

Kada ku ce lalacinmu ne kawai. Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da rahoto a Maris na 2024, daga na'urorin da ke cikin motocin da aka yi wa rajista a 2021, ta ce hayaƙin da irin waɗannan motoci ke fitarwa a kan titi ya ninka na ɗakin gwaji sau uku da rabi. Dalili? Masu su ba sa caji yadda aka zata. Mutanen da wutarsu ba ta ƙiftawa, su ma ƙyuyar jona igiya suke yi.

Hajiya ta tambayi gyara, kuma tambayarta ta fi ta mazan duka. Inji yana nan, don haka juyen baƙin mai da sauya filta suna nan, ko da ba a cika tada shi ba. Fetur in ya yi watanni a tanki yakan lalace. Birki ne ke daɗewa, domin motar na rage gudu da injin lantarkinta tana mayar da ƙarfin cikin batir. Taya da shokozoba kuwa su ke biyan bashin nauyi, balle a hanyar burji da damina ta zaizaye. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ba abokin batir ba ne. A ajiye ta a inuwa, a kuma sani cewa sanyaya cikin motar daga cikin kilomitocin batir yake ci. Wayoyin nan masu ruwan lemo da ke ƙarƙashinta kusan bolt 300 ke bi ta cikinsu. Bakaniken bakin kasuwa, da duk girmansa da gwanintarsa a kan kafireto, kada ya sa sukundireba a wurin. Sai an nemi mai kwamfuta, wataƙila a Kano, kayan gyara kuma in kasuwar Ƙofar Ruwa ba ta da su sai an jira daga waje, da dalar da ta haura naira 1,500 a 2024.

Duk da haka ba zan bar muku filin ba. Mutumin Batsari da Safana ya san fetur ma ba ɗan goyo ba ne. A 2021, a dokar tsaron da Gwamna Masari ya sa wa hannu, an hana sayar da mai a jarka, aka taƙaita gidajen man da za su buɗe da adadin da za a zuba wa mutum. Wanda ya ga wannan zamani ba zai raina motar da za ta iya kai mara lafiya asibiti da cajin ranar jiya ba.

Amma a yi lissafin saye kafin a je wurin dillali. Mai yin kilomita 1,000 a wata, in duk tafiyarsa da rana ya yi caji, ya tsira da kamar naira 90,000 da Golf za ta sha, miliyan ɗaya da 'yan kai a shekara. In motar da faifan sola sun fi Golf tsada da miliyan 10, sai kusan shekara goma kafin uwar kuɗi ta dawo. Garantin batir kuwa galibi shekara takwas ne daga ranar da aka saye ta sabuwa, ta hannun da za ta iso mana ta riga ta cinye shi a can. Don haka in dillali ya rantse da cewa batir garau yake, a ce masa madalla, a cika shi, a shiga tare, a kama hanyar Katsina, a ga a wane ƙauye inji zai tashi. A kuma duba igiyar cajin: in ta Amurka ce, wutarsu bolt 120 ce, tamu 230, kuma soket ba ya karɓar rantsuwa.