Bulalar Boko Daban, Ta Islamiyya Daban

Babu gwanin ba da labarin duka kamar uban da ya yi firamare a zamanin UPE. Shirin da aka buɗe a 1976 ya cika azuzuwa da yara, ya cika tagogi da tsumagiya, kuma waɗanda suka sha ta a lokacin su ne dattawan majalisa a yau. Ana idar da la'asar sai a baje tabarma a shiga gasa. Wannan ya ce goma sha biyu hedimasta ya tsula masa a gaban asambili, wancan ya ce shi dorina ce ma, kuma da ya kai ƙara gida sai da mahaifinsa ya ƙara masa shida. Daga nan a yi ittifaƙi cewa dukan nan ne ya sa suka zama mutane, yaran yanzu kuwa an sangarta su.

Washegari da hantsi, ɗaya daga cikin gwarazan nan yana ƙofar makarantar kuɗi, babbar riga na jan ƙasa, hula ta karkace, yana tambayar maigadi ina malamin da ya sa ɗansa tsintar leda.

Kafin labari ya iso kunnen Alhaji ya riga ya yi ƙiba a hanya. Yaro ya ce wa uwarsa an sa shi tsintar ledar fiya wata saboda makara. Uwa ta buga waya ta ce an sa shi shara cikin rana. Gwaggo, wadda rabonta da ganin yaron tun bikin sallah, ta sanar a zauren WhatsApp na dangi cewa saura ƙiris ya suma. Ba wanda ya tsaya tambayar dalilin makarar, domin amsar ba ta da daɗi: Alhajin ne da kansa yake sauke yaron bayan an rufe ƙofa, sai ya gama shan shayi da sauraron labaran safe.

A ofis, tambayar farko ita ce, "Malam, ka san ko ni wane ne?" Malam ya sani sarai, domin sunan yana cikin jerin waɗanda ba su cika kuɗin zango na biyu ba, amma ba shi da bakin faɗa. Mai makaranta kuwa tuni ya yi lissafi a zuci: 'ya'ya huɗu Alhaji ke da su a nan, ga na ƙaninsa uku. Malamin, kamar da yawa daga abokan aikinsa, albashinsa bai ko kusanci naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi ba, kuma akwai masu NCE a waje suna jiran kujerarsa. Shari'a ta ƙare tun ba a fara ba. "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, ba za a sake ba." Yaro na tsaye yana kallon malaminsa na russunawa, kuma wannan darasin kam ba zai taɓa mantawa da shi ba, ko da ya manta jadawalin bakwai.

Ƙarfe huɗu na yamma yaron nan dai ya sa farin yadi ya tafi Islamiyya, hadda ta kakare, ya sha biyar masu kyau a tafin hannu. Ya dawo gida yana hura yatsu. Alhaji ya dube shi ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ya kuma aika wa Malam da gaisuwa da ɗan abin goro. Fata ɗaya ce, uba ɗaya ne, sa'o'i shida kawai ke tsakani.

Ba wai babu dukan da ya cancanci a ɗaga murya a kansa ba. A Oktoban 2021 bidiyon wata makarantar Arabiyya a jihar Kwara ya karaɗe ƙasa, ana zane ɗalibai har jiki ya farfashe, gwamnatin jihar ta shiga maganar, sai ga mahaifin ɗaya daga cikinsu ya fito ya ce da yardarsa aka yi. A shekarar ce kuma jihar Ogun ta gaji da iyaye da ɗalibai masu gayyato 'yan daba su lakaɗa wa malamai duka, ta sa iyaye rattaba hannu a takardar alkawari. Haka ma'aunin yake: inda yaro ya ji ciwo na gaske, dattawa kan taru a ce ƙaddara ce, a yafe, inda aka aske masa tukkun zamani, sai maganar ta kai gaban DPO.

Doka tana nan, sai dai ba ta da masu karatu. Sashe na 55 na kundin Final Kod na Arewa ya ba malamin makaranta damar ladabtar da yaro muddin bai yi masa mummunan rauni ba. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta tarayya ta zo a 2003, Kano ta yi tata a 2023. A ofishin hedimasta ba a jin ko ɗaya daga cikinsu. Abin da ake ji shi ne "zan cire 'ya'yana" da "ni ma ina da mutane a sama".

Makarantar gwamnati kuwa ba ta san wannan hayaniya ba. Aji maƙil, wasu a ƙasa, wasu a taga, malam ya aika a kira uban yaro sau uku bai zo ba, ranar taron iyaye da malamai kujeru sun fi mutane yawa. A yi tsallen kwaɗo, a yi kamun kunne, a wanke banɗaki, gida shiru kake ji. Sai ranar da malamin ladabtarwa ya ƙwace waya a aljihun wani ɗan aji uku. Kafin a tashi tara ga uba, ga kawu, ga yayan da ke sayar da caja a kasuwa, har da mai unguwa, domin wayar ta Hajiya ce, kuma lambobin 'yan adashinta duk suna ciki.