Daren da Na Hana Gwaggo Magana

A gidanmu na Briketeri, nan Yawunde, ba a taɓa kallon fim shiru ba, kuma Gwaggo ce dalili. Yayar mahaifina ce. Da an saka faifai za ta jawo kujerarta 'yar tsugunno ta dasa a gaban teli, ta ɓare goro, ta kama aiki. Jarumi bai gama sallama ba ta riga ta gano mugu: "Ku dubi idon wancan, ba ya salla." In budurwa za ta sha abin da kishiyar uwa ta miƙo mata, Gwaggo za ta daka mata tsawa, in ta sha kuma ta ce, "Maganinki ke nan, mara jin magana." Ranar da labarin rasuwar ɗan wasa Ibro ya iso mana a Disambar 2014, kukan da ta yi sai da maƙwabta suka shigo yi mata gaisuwa.

A wancan lokacin faya-fayenmu daga Kano suke tasowa, daga kasuwar Ƙofar Wambai, su ratso Garwa, su hau jirgin ƙasan dare a Ngaundare, su wayi gari a Yawunde cikin jakar wani ɗan kasuwa tsakanin shadda da turare. Tun da aka rufe silimar Abbia a 2009, falon kowa ya zama silimarsa. Namu dai ya fi na kowa cika, don mu muke da Gwaggo.

Kwaɗayi ne ya ja ni a 2015, shekarar da 3G ta wadata a gari kowa ya koma shafa waya. Uwargida ta aike ni sayen dutsen guga. Na bi ta Messa zan gangara Mokolo, sai na leƙa wani brokant, irin shagunan nan da ake jibge tsofaffin kayan Turai, daga firji har keken yara. Mai shagon ya dube ni ya ga hula, ya ce, "Magida, zo ka ga abin manya." Haka mutanen kudu ke kiran duk Bahaushe, kuma in ka ji an ja kalmar da zaƙi, aljihunka ake wa kirari.

Wata baƙar na'ura ya nuna mini, siririya, mai ƙyalli. Ya ce Blu-ray ce. Faifanta ɗaya na ɗaukar giga 25, alhali DVD ɗin da muka saba da shi bai kai biyar ba, shi ya sa hotonta har ƙurajen fuskar jarumi kana ƙirgawa. Wannan bai ɗaga mini hankali ba. Da ya ce faifan da kansa yana shiga intanet ya ɗebo maka ƙarin kaya, kuma akwai manhajar da za ka sa a waya ta riƙa raka ka kallo tana ba ka sirrin kowace fitowa, nan fa na ji ƙafata ta kafe. Kuma ba ƙarya ya yi ba, daga baya na bincika. Tun 2008 aka fito da tsarin da ake kira BD-Live, mai haɗa faifai da intanet. Kamfanin Universal ya kawo manhajar pocket BLU da ke mayar da waya rimot, Disney kuma a 2011 ya fito da tasa mai suna Second Screen, ya fara da fim ɗin Bambi. Wato allo na biyu a cinyarka, ga na farko a bango. Abin da mai shagon bai faɗa mini ba shi ne, ba don gida irin namu aka yi wannan hikima ba.

Na dire jaka ashirin da biyar, ya ɗora mini gyaran faifai guda, wani fim na 'yan sama jannati da dodo. Dutsen guga kuwa na ce wa uwargida ya yi tsada.

Daren Asabar bayan isha na tara jama'a. Ga Kawu daga Tsinga, ga maƙwabcina tela, ga yara sun cika tabarma. Na aika aka sayo tsire na jaka uku daga bakin titi, wanda duk Yawunde ke tururuwar zuwa ci a unguwarmu suna kiransa soya, da zafinsa, yaji ya jiƙa takarda. Na tsaya a gaban teli kamar mai buɗe taro na ce yau za su ga yadda ake kallo a Turai.

Na kunna. Na'ura ta yi mana sallama da Jamusanci.

Sunan unguwarmu daga wurin gasa bulo ya samo asali, na zamanin Jamusawa, waɗanda suka fice daga garin nan tun 1916. Ban san sun bar mini saƙo ba sai ranar. Autanmu ya karɓi rimot ya yi ta lalube, har ya samu rabin rubutun ya koma Faransanci, rabin ya tsaya kan bakansa.

Daga nan aka zo haɗa ta da intanet ɗin wayata. Sai an rubuta kalmar sirri, da rimot, harafi ɗaya bayan ɗaya, a kan allon da kowa ke kallo. Kalmar tawa kuwa sunan uwargida ne da shekarar aurenmu, don ni mutum ne mai soyayya. Na rubuta suna, na sa 2006. Ta ƙi. Na sa 2007. Ta ƙi. Daga bakin ƙofa na ji murya a sanyaye ta ce, "2005." Ban waiwaya ba. Ta karɓa.

Ana wata ga wata. Na'ura ta ce ba ta da wurin ajiye abin da za ta ɗebo, sai an soka mata filas mai aƙalla giga ɗaya. Tela, mutumin kirki, ya zaro nasa daga aljihu. A cikinsa yake tara hotunan ɗinki na shekara da shekaru, kowane aikin wuya da kowane salo da yake nuna wa masu kawo shadda. Na soka. Sai ga wata doguwar tambaya da Jamusanci, a ƙasanta kalmomi biyu, ɗaya na kasa karantawa, ɗayar kuwa Hausa ce tsantsa: Ja.

Kawu ya ce, "Ai ga shi nan ƙarara. An ce ka ja. Ja abin mana."

Tela ya ce, "A'a, Alhaji, launi ake nufi. Ga jan maɓalli nan a jikin rimot."

Ni da na fi su boko na ce duk ba haka ba ne, na kai kan kalmar na danna. Ashe ja a bakin Bajamushe na nufin e, tambayar kuma ita ce ko a share duk abin da ke cikin filas ɗin. Wannan sai da safe muka sani. A daren dai ni ne gwani, har Kawu ya ce ilimi daban ne.

Sai jira. Wani siririn layi ya fito yana rarrafe daga hagu zuwa dama kamar hawainiya mai ciwon ƙafa. Minti arba'in. Abin haushin ma ranar ba a ɗauke wuta ba, balle in samu wanda zan ɗora wa laifi. Tsire ya fara hucewa, amma na hana a taɓa sai fim ya fara. Da layin ya kai ƙarshe na ce, "To, bismilla, ga ƙarin kayan." Allo ya yi baƙi, kiɗa ya tashi, sai ga tallar wani fim daban, wanda yaran gidan suka ce sun kalle shi tun shekara uku da suka wuce.

Gwaggo ta tauna goro ta ce, "Talla ce wannan?"

Na ce, "Daga intanet ta zo, Gwaggo."

"Nawa ka biya?"

"Kiredin jaka biyu."

"Ikon Allah. Mu a faifan Kano kyauta ake ba mu ita, har sai mun gaji mun tura gaba."

Mai hankali a nan zai danna fim a ci tsire a watse lafiya. Ni kuwa na ce saura manhaja.

Yadda take aiki abin sha'awa ne, ban hana ta haƙƙinta ba. Wayar ce ke buɗe kunnenta ta saurari sautin fim, ta gane inda aka kai, sai ta riƙa fito maka da abin da ya dace da wurin. Na sa fim da fassarar Faransanci yadda kowa zai ji. Waya ta saurara ta ce ba ta gane ba. Na mayar da shi Ingilishi, wanda a takarda harshenmu ne na biyu a Kamaru, amma a falon nan ba mai jin ko gaisuwarsa. Ta sake saurara, ta ce hayaniya ta yi yawa.

To, mai karatu, ka taɓa neman shiru a Briketeri daren Asabar? Kekunan ɗinki na ruri a shagon bayanmu, 'yan bensikin, wato masu acaɓa, na busa oda a titi kamar an biya su, mai shayi ya ƙure rediyo, ga ruwa ya fara dukan kwanon rufi. Duk waɗannan ba ni da iko a kansu. Na rufe taga, na toshe ƙasan ƙofa da zani. Saura murya ɗaya tal, wadda ke bayyana wa yara cewa abin nan da ke cikin kumbo ba dodo ba ne, aljani ne, kuma da sun yi bismilla kafin su buɗe ƙofar da ba a kai ga haka ba.

Shaiɗan ya ba ni aron baki. Na ce, "Gwaggo, don Allah a ɗan yi shiru, waya na saurare."

Hatta kekunan ɗinkin sai na ji kamar sun tsaya. Kawu ya sunkuyar da kai yana gyara hula. Gwaggo ta dube ni tun daga sama har ƙasa, irin kallon da ta yi mini ranar da na fasa mata tulu ina ɗan shekara bakwai.

"Wayar ce ke saurare?"

"E, Gwaggo."

"To, Allah ya ƙara mata ji."

Ta ƙulle sauran goronta a bakin zani ta naɗe hannu. Nan take waya ta yi ƙara ta ce ta gane wurin.

Sai ga kaya na ɓarkowa. Zanen kumbo tun yana kan takarda, hoton mutumin da ya ƙera kan dodon da roba, dogon bayani da Ingilishi kan yadda aka haɗa hayaƙi. Na duƙufa ina karantawa da ƙyar ina motsa baki. Ina tsakiyar gano ko roba ce ko fata, sai na ji yara sun kwashe da ihu, tela ya ce, "Innalillahi!" Na ɗago, an riga an wuce wurin. Mutum biyu sun ɓace daga fim ɗin.

Na ce, "Me ya faru?"

Ba wanda ya tanka, ai ni na kafa dokar. Na juya wajen wadda ta saba ba mu labari tun kafin abu ya faru. Ta nuna wayar da haɓa ta ce, "Tambayi mai sauraro."

A nan na gane kuskuren masu wannan fasaha. Sun ƙirga idon mutum sun ga biyu ne, sai suka ba shi allo biyu. Sun manta duk biyun waje ɗaya suke kallo. Hawainiya ce ke iya aika ido ɗaya gabas ɗaya yamma, ita kuma ba ta sayen faifai. In na dubi waya fim ya gudu, in na dubi fim waya ta sauya shafi, sai na tashi ba tsuntsu ba tarko. Ga fim da Ingilishi, ga falo shiru kamar gidan makoki, yara na kallon bakin Gwaggo suna jiran ta fassara musu, ita kuma tana kallon silin.

Ƙanwata ce ta raba gardamar. Ta kira daga Garwa ta WhatsApp don ta tambayi kuɗin atamfa. Kafin in kashe, manhaja ta ɓace hanya, wayar ta yi zafi kamar dutsen gugar da ban saya ba, sai ga saƙo wai kiredina ya ƙare. Na buɗe takardar tsire don in rufe kunya, kitse ya daskare fari fat.

Da asuba Gwaggo ta haɗa kayanta ta koma gidan Kawu a Tsinga. Da hantsi tela ya zo da filas a hannu, bai yi sallama ba. Wannan zancen mu bar shi, don har yau in zan wuce shagonsa ta ɗaya gefen titi nake bi.

Bikon Gwaggo ya ci kwana uku da turmin atamfa da ƙwaryar goro. Ta dawo bisa sharaɗi guda, a saka mata fim ɗin Sangaya a sabuwar na'urar, ta ga ko ta fi ta iya bayani. Na karɓi tsohon faifanta na VCD hannu bibbiyu na saka. Na'urar jaka ashirin da biyar ta juya shi, ta yi tunani, ta turo shi waje. Ba ta san irinsa ba. Dole na rarrafa ƙarƙashin gado na jawo tsohuwar 'yar Sin ɗinmu, wadda murfinta sai an danna da babban yatsa, wadda ko marfin gwangwani ka sa mata za ta gwada karantawa. Hoto ya fito dishi-dishi. Gwaggo ta gyara zama ta ɓare goro ta ce, "Ku dubi idon waccan." Falo ya dawo hayyacinsa.

Bara na zaro na'urar don in nuna wa Auta, wanda yanzu ya fi ni tsawo. Fim ɗin na nan daram, hotonsa tar, wannan kam ba a yi mini ƙarya ba. Amma manhajar na neme ta sama da ƙasa babu ita, ƙofar intanet ɗin faifan kuma in ka danna sai ta yi ta juyi ta ce ba ta samu kowa ba. Fina-finan Kano ma sun bar faifai sun koma YouTube. Gwaggo yanzu a waya take kallon shirin Labarina, ta jingina ta da kwanon goro tana zazzaga mata bayani, wayar kuma na saurare, ba ta taɓa cewa hayaniya ta yi yawa ba.

Na'urar dai na sa ta a kasuwa. Jaka biyar, har da rimot da faifan dodo. Mai so ya shigo Briketeri ya tambayi gidan da aka hana tsohuwa magana, ko yaro zai nuna masa. Sai dai ya zo da filas ɗinsa.